Wasiƙar da ke zuwa bayan an buga ƙararrawar gwanjo

Daga Maine-Soroa zuwa garin Diffa, wanda ya sayar da tattasai ko shanu ya samu rara, sau da yawa mota ce ke fara zo masa a rai. A da sai ya aika Kwatano. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, hanyar ta koma ta Lome, ta yi tsawo, ta ƙara tsada, ido kuma ya koma kan gwanjon intanet: Copart da IAA na Amurka masu sayar da motocin da suka yi hatsari, da eBay, da gwanjon hukumar kwastan ta Najeriya da aka buɗe a Yulin 2017, aka sake farfaɗo da shi a Janairun 2024. Ga mutanen kwarin Komadugu, da naira ke yawo a kasuwanninsu kamar sefa, garin Geidam na Najeriya kuma na tsallaken ruwa, gwanjon Najeriya kamar na gida yake.

Gwanjon kansa na gaske ne. Tarkon yana cikin wasiƙar imel da ke biyo bayansa, kuma ƙarfinta duka a lokacin zuwanta yake. Mutum ya taya mota, ya kwana yana duba waya, sai ga saƙo mai tambarin kamfani yana cewa ya ci, ya biya kafin gobe. Ko kuma a ce masa wanda ya ci ya kasa biya, an ba shi dama ta biyu a kan farashin da ya taya. Wannan ta biyun ta fi mugunta, don kuwa eBay na da irin wannan tsari da gaske, ƴan damfara suka kwaikwaye shi. Haka gaggawar ma tana da tushe: kamfanonin gwanjon mota na ba da ƴan kwanaki ne kawai a biya, sannan tara ta hau. Mai damfara yakan jingina ƙaryarsa ne da gaskiyar da ka riga ka sani.

Akwai shawarar da aka saba bayarwa, wai a duba kuskuren rubutu a wasiƙar. A Diffa ban ga amfaninta ba. Wanda ya yi boko a nan Faransanci ya karanta, wasiƙun kuwa da Ingilishi suke zuwa, to ta yaya zai gane gurguwar jimla? Balle yanzu da manhajoji ke tsara wa ɓarawo wasiƙa tsaf.

Abin dubawa shi ne adireshin mai aikowa. Waya kan nuna suna kawai ta ɓoye adireshin, suna kuwa kowa na iya sa wanda ya ga dama. A taɓa sunan, adireshin zai fito. A karanta abin da ke bayan alamar @ harafi bayan harafi: wani sa'i an sa sifili a madadin harafin o, wani sa'i an haɗa r da n su yi kama da m, wani sa'i sunan kamfanin na nan daidai amma an liƙa masa jela. Hukumar gwamnatin Najeriya adireshinta da gov.ng yake ƙarewa. Kwastan ta sha yin gargaɗi cewa ba ta sayar da mota ta Facebook ko WhatsApp, kuma shiga gwanjonta sai da lambar biyan haraji.

Sai inda kuɗin za su faɗa. Duk wasiƙar da ta ce an canza asusun banki, ko ta ba da asusu mai sunan wani mutum, ko ta ce a tura ta hanyar aika kuɗi irin wadda ake aika wa iyali cefane, a tsaya nan. A kara, ba mai miƙa kuɗin sa ga baƙon da ya raɗa masa cewa shi ne sabon dillali. Sai ya koma wurin dillalin da ya sani ya tambaya. To, kada a danna mahaɗin da ke cikin wasiƙar ko kaɗan. A rufe ta, a buɗe shafin gwanjon da hannu ko ta manhajarsa, a shiga asusu. In da gaske an ci, takardar biya na can ciki. In ta hannun dillali ake saye, kamar yadda akasari ake yi, a kira shi a lambar da aka saba, kada a yi amfani da wadda ke cikin saƙon.

Wasu wasiƙun ba sa neman kuɗi ma, cewa suke an kulle asusunka, ka shigar da kalmar sirri a buɗe. Shafin da za su kai ka na bogi ne. Lambar nan da banki ke turowa ta waya kuwa, ba ma'aikacin gaskiya da zai nemi a karanta masa ita.

Wanda ya riga ya faɗa, ya canza kalmar sirrin imel ɗinsa tukuna, don ta nan ake sake buɗe sauran asusai, sannan ya sanar da banki nan take ko za a iya tsayar da kuɗin. Ya ajiye wasiƙar da rasit, ya kai ƙara wurin ƴan sanda. Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019. Kunya ce ke sa mutane yin shiru, ga shi kuma bayan ƴan kwanaki wani saƙon kan zo daga mai cewa zai ƙwato kuɗin in an biya shi ladan aiki. Sau da yawa mutanen farko ne suka dawo.