Wa Ya Kamata A Fara Ɗauka A Filin Ƙwallo?

Duk malamin wasanni da ya taɓa tsayawa a filin makaranta, ko a Dabawa ne ko Dutsin-Ma ko Kurfi, ga yara talatin a gabansa, ga gasar makarantu ta ƙarato, ya san nauyin wannan tambaya. Galibi ido yakan faɗa kan dogon yaro mai faɗin ƙirji da gudu kamar barewa, nan take a ba shi lamba tara. Shi kuwa ɗan tsamurmurin da ke gefe, wanda ƙwallo ke bin ƙafarsa amma da an bangaje shi sai ƙasa, akan ce ya jira baɗi. Sau da yawa ba ya dawowa.

Ba malamin ƙauye kaɗai ido ke yaudara ba. A Amurka akwai wani irin ƙwallo da ake ɗauka da hannu, inda ƙungiyoyi 32 na gasar NFL ke zama kowace shekara su zaɓi samari daga jami'o'i bi da bi. Kullum ana gardama ko ya dace a fara da ɗan tseren da ake jefa wa ƙwallo ya cafke a gaba. Masana biyu, Cade Massey da Richard Thaler (wanda ya sami lambar Nobel a 2017), sun bi diddigin wannan zaɓe na shekaru da dama. A rahotonsu na 2013 sun nuna cewa idan aka gwada ɗan wasa da wanda aka ɗauka bayansa a gurbi ɗaya, sau 52 cikin 100 kawai na farkon ke fin na biyun. Wato kusan daidai da wurga kwabo sama, ga kuma ɗimbin kuɗi da ƙwararru da ake zubawa.

To, waɗannan samari ne da suka haura shekara ashirin. Ina ga yaro ɗan sha uku? A nan ne ilmin halittar jiki ke da magana. Yaro namiji yakan yi wani tsawo na gaggawa lokacin balaga, galibi tsakanin shekara 13 da 14, har ya ƙaru da wajen santimita 9 a shekara guda, tsoka ta biyo baya, huhu da zuciya su ƙara girma. Sai dai wani kan riga tsaransa da shekara biyu, wani kuma ya makara da shekara biyu. Saboda haka yara biyu 'yan aji ɗaya, ɗaya jikinsa na ɗan sha biyar ne, ɗayan na ɗan sha ɗaya. Abin da malam ya ɗauka baiwa ce, wataƙila balaga ce kurum ta zo da wuri, kuma nan da shekara huɗu sauran za su kamo shi.

Hatta watan haihuwa yana shiga ciki. A 1985 Roger Barnsley da abokan aikinsa sun gano cewa 'yan wasan hoki na kan ƙanƙara a Kanada mafi yawansu an haife su ne a farkon shekara, domin a rukunin da ake ƙidaya daga 1 ga Janairu, haihuwar Janairu ya girmi haihuwar Disamba da wata goma sha ɗaya. Daga baya an ga haka a ƙwallon ƙafa ma.

A Nijeriya akwai ƙarin matsalar rage shekaru. Tun 2009, da aka yi gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a nan ƙasar, hukumar FIFA ta shigo da na'urar MRI don ɗaukar hoton wuyan hannu. A ƙarshen ƙashin akwai guringuntsi inda tsawo ke fitowa. Idan ya rufe ruf ya zama ƙashi, ana ɗaukar mai shi ya wuce 17. A 2016 an cire 'yan wasan Nijeriya 26 ta wannan hanya, Nijar kuma ta fitar da mai riƙe da kofin duniya daga wasannin share fage. Amma lura, na'urar girman ƙashi take aunawa, ba ranar suna ba, don haka yaro mai gaskiya da ya balaga da wuri yana iya faɗuwa.

A Ingila, tun 2015 aka fara shirya wasu gasanni inda ake haɗa yara bisa matakin girman jikinsu maimakon shekarun haihuwa. Wannan ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Malami a Dabawa yana iya kafa tef ɗin tela a bangon aji, ya auna tsawon 'yan wasansa kowane wata uku, ya rubuta a littafi. Wanda ya ƙaru da fiye da santimita 2 a tsakanin awo biyu yana tsakiyar tsawon balaga. A sassauta masa tsalle-tsalle, domin lokacin ne ciwon ƙasan gwiwa ya fi kama yara. Wanda bai fara ba kuwa, a sa shi a ƙungiya ta biyu tare da masu jiki irin nasa, a sake duba shi zangon karatu mai zuwa.