Hano: Itacen da Ke Rayuwa a Kan Dutse

Gabatarwa

Galibin itatuwan da muka fi sani, kamar su ɗorawa da tsamiya da gawo, sun fi son ƙasa mai zurfi. Amma akwai wani itace wanda ya zaɓi tsandauri da tsagin duwatsu, irin waɗanda suka kewaye garin Dutse da Birnin Kudu a Jihar Jigawa. Wannan itace shi ne hano, wanda wasu ke kira ararrabi, wasu kuma basamu. A wannan 'yar maƙala za mu dubi kamanninsa, da yadda yake jure wa wahalar mazauninsa, da kuma abin da ke neman ganin bayansa.

Kamanninsa

Hano ba shi da girma ainun, da wuya tsawonsa ya wuce mita 13. Abin da ake saurin gane shi da shi ɓawonsa ne, wanda yake fari-fari, yana saluɓewa falle-falle kamar tsohuwar takarda. Ganyensa ƙanana ne masu baki kamar zarto, suna taruwa a ƙarshen reshe. Idan aka sari jikinsa, sai ya tsattsafo da ƙaro mai ƙanshi. Ba abin mamaki ba ne, domin dangi ɗaya suke da itacen lubban na ƙasashen Oman da Yaman da Somaliya. Masana tsirrai suna kiransa Boswellia dalzielii, don tunawa da likitan nan Bature J. M. Dalziel, wanda ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916.

Yadda Yake Rayuwa

Ruwan sama ba ya zama a kan dutse, da ya sauka sai ya gangare. Don haka hano yakan cusa saiwoyinsa cikin tsagin dutse, inda 'yar ƙasa da laima suke maƙalewa. Da kaka ta yi, sai ya kakkaɓe ganyensa ƙaf, ya daina asarar ruwa, ya tsaya tsirara har rani ya wuce. A wannan lokaci ne, yana ba ganye, yake fitar da fararen furanni masu ƙanshi. Wani abin sha'awa kuma shi ne, idan aka yanki reshensa aka kafa a ƙasa yakan kama, shi ya sa manoma kan yi shinge da shi.

Amfaninsa da Matsalarsa

Hausawa sun daɗe suna turara ɗaki da tufafi da ƙaron hano. Masu maganin gargajiya kuwa sukan dafa sassaƙensa don zazzaɓi da ciwon ciki da sanyin ƙashi. To, a nan ne gizo ke saƙa. Abincin da ganye ya sarrafa ta cikin ɓawo yake bi ya isa ga saiwa. Idan mai sassaƙe ya zagaye gindin gaba ɗaya, ya yanke wannan hanya ke nan, itacen kuma sai mutuwa. Bugu da ƙari, tun da Dutse ta zama babban birnin jiha a 1991 gine-gine suka yawaita, ana ta fasa duwatsu, mazaunin hano yana raguwa.

Kammalawa

A taƙaice, hano ya iya da fari da zafin dutse, amma bai iya da gatari ba. Ya kamata masu sassaƙe su riƙa ɗiba ta gefe ɗaya su bar wa itacen sauran ya warke, manoma kuma su ci gaba da kafa rassansa a bakin gonakinsu.