Masu Zanen Ƙwai na Yukren: Sana'ar da Aka Daɗe Ana Ɓoye wa Yara

A ƙauyukan da ke kan duwatsun Karpat, yammacin ƙasar Yukren, ƙarshen hunturu lokaci ne da ƙwai ke yin yawa har a rasa yadda za a yi da shi. Ƙanƙara ta fara narkewa, rana ta ƙara tsawo, kajin da suka yi watanni suna ƙyuya sun koma saka, ga shi kuma azumin Kiristoci na gabanin Ista ya hana mabiya cocin Otodoks cin nama da madara da ƙwai har tsawon makonni. Sai ƙwai ya yi ta taruwa a kwando babu mai taɓawa. A cikin wannan tarin ne matar da ake kira pisankarka take zaɓen na aikinta: fari tas, mai santsi, marar tsaga ko ɗaya. Abin da zai fito daga hannunta sunansa pisanka, ƙwai ɗanye da aka yi wa ado da kakin zuma da ruwan rini. Ba a cinsa. Kyauta ake bayarwa, ko a ajiye a ɗaki shekara da shekaru.

Kayan aikin ba su cika tafin hannu ba. Akwai kyandir, da curin kakin zuma, da kwalaben rini, da tsumma, sai wani ɗan alƙalami da suke kira pisachok ko kistka, wato ɗan ƙanƙanen mazurarin tagulla da aka ɗaure a bakin tsinke. Takan kara mazurarin a wuta ya yi zafi, ta dangwala shi a kan kaki ya ɗebo kaɗan, kakin ya narke ya riƙa zubowa ta bakin nan mai siririn rami. Hayaƙin kyandir yakan baƙanta kakin, kuma hakan taimako ne, don da fari ne da ba za ta ga inda ta bi a kan farin ɓawo ba.

Wurin da baƙo yake ruɗewa shi ne tsarin aikin. Mai kallo zai ɗauka baƙin layin da take ja shi ne adon. Alhali rufewa take yi. Duk inda kaki ya hau, rini ba zai shiga ba. Wadda ta taɓa manna salatif a ƙafa kafin ta shafa jan lalle ta riga ta san sirrin, sai dai a nan ana maimaita abin sau huɗu ko biyar a kan fata ɗaya. Da farko za ta rufe duk inda take so ya zauna fari, ta tsoma ƙwan a ruwan ɗorawa. Ta tsamo, ta goge, ta rufe inda take so ya zauna ruwan ɗorawa, ta tsoma a ruwan lemo. Daga nan ja, daga ja sai baƙi. Dole a fara da launi mai haske a ƙare da mai duhu, domin mai duhu ne ke danne na ƙarƙashinsa. Kore shi ne ɗan taurin kai, yakan ɓata jan da zai biyo bayansa, shi ya sa ba a cika tsoma ƙwai a cikinsa ba, sai a ɗiga shi da tsinke a daidai inda ake bukata, a rufe da kaki, a ci gaba.

Kafin a kai ƙarshe ƙwan ya koma wani baƙin dunƙule mai ƙuraje, ba ka ce akwai abin kirki a jikinsa ba. Sai ta kai shi gefen harshen wuta, ba samansa ba, don saman wuta hayaƙi ne kuma tabonsa ba ya fita. Kakin ya fara ƙyalli, ta share da tsumma, ta juya, ta sake karawa. Da kowace sharewa wani yanki na adon yake bayyana: farin layi siriri kamar zare, tauraro mai kusurwa takwas, ƙahon rago, ganye, barewa tsaye a tsakiyar ja. Aikin awa uku ko biyar, wani lokaci na yini guda, sai a wannan minti goma na ƙarshe mai shi take sanin ko ta dace.

Kuma hanyoyin rashin dacewa suna da yawa. Maiƙon hannu kaɗai ya isa ya hana rini kamawa, a ga shatin yatsa ɓaro-ɓaro a kan ja. Ƙwan da aka ciro daga firji yakan yi gumi, kaki ya ƙi mannewa. Ƙwan kanti da injin gona ya wanke yakan sha rini dabbare-dabbare, shi ya sa gwanaye suka fi son na kajin gida, su ɗan goge shi da ruwan khal. Kaki idan ya ɗiga inda ba a so, ya ɗiga ke nan, ko an kankare wurin ba zai sha rini daidai ba, dabara ita ce a mayar da ɗigon wani ɓangare na adon. Sannan ga jikin ƙwai babu inda yake a miƙe. Abin da ake fara gaya wa ɗan koyo shi ne ya tsayar da alƙalamin ya riƙa juya ƙwan, kuma wanda ya iya zagaye ƙwai da layi ɗaya har bakin layin ya haɗu da farkonsa ya wuce jarrabawar farko. Akwai wani shahararren zane da ake raba ƙwan gida arba'in da takwas, kowanne mai kusurwa uku. Tsofaffin gwanaye da ido suke yinsa, ba fensir.

Rinin da a gida ake haɗa shi. Ɓawon albasa da ɓawon itacen tuffa na daji su ba da ruwan ɗorawa, ɓawon wasu itatuwan daji ya ba da baƙi, ja kuma daga wani ƙwaro ko daga itacen rini da fatake ke kawowa. Irin wannan sai ƙwai ya daɗe a ciki, wani har ya kwana. Rinin kanti na zamani cikin 'yan mintoci yake kamawa, launinsa ya fi ƙarfi, amma ba abin kaiwa baki ba ne. Kowane yanki da hannunsa. Masana sukan kalli ƙwai su faɗi inda ya fito, kamar na ƙauyen Kosmach na mutanen Hutsul, da aka sani da ƙananan zane cunkus cikin ruwan ɗorawa da ruwan lemo.

Sana'ar ta tsufa. A 2013 masu tonon tarihi sun samo ƙwan dinya mai irin wannan ado a birnin Lviv, wanda aka ƙiyasta ya kai shekara 500. A 1899 an buga littafin Serhii Kulzhynskyi mai ɗauke da zane sama da 2,000 daga tarin ƙwayayen da Kateryna Skarzhynska ta adana, kuma har gobe masu sana'ar suna komawa gare shi su kwaikwayo adon ƙauyukan da suka manta nasu. A zamanin daular Kiyef ta da ma, wadda ta karɓi Kiristanci a 988, akan yi ƙwan yumɓu mai sheƙi da ɗan dutse a ciki, a girgiza ya yi ƙara.

To amma ainihin zanen, a al'adar da, ba a yinsa a gaban yara. Aikin mata ne, na dare, bayan an kwantar da kowa. Uwa ta koya wa 'yarta idan ta tasa, ba a son idon baƙo, ba a son hayaniya. Rabon ƙananan yara daban ne, kuma ba ƙarami ba ne.

Nasu shi ne krashanka, dafaffen ƙwai mai launi ɗaya, galibi wanda aka tafasa da ɓawon albasa har ya yi ja-ja. Da shi ake wasannin ranar Ista. Yara biyu kowa ya riƙe nasa a dunƙule, bakin kaɗai ya leƙo, a gwara, wanda nasa ya fashe ya miƙa wa ɗan'uwansa. Wasu su gangaro da ƙwai daga kan tudu, wanda nasa ya bugi na wani ya ɗauke. 'Yan mata su yi da'ira a harabar coci suna waƙoƙin shigowar ɗumi da ake kira hayivky, abin da har yanzu ake taruwa a yi a filin adana gidajen gargajiya na Shevchenkivskyi Hai da ke Lviv. Washegari Litinin kuma ranar watsa ruwa ce, samari su bi 'yan mata da bokiti, wadda take son a ƙyale ta ta fanshi kanta da pisanka.

A madafa ma ana tunawa da su. Tun cikin watan Maris iyaye mata kan gasa ƙananan burodi masu siffar tsuntsu, yara su ɗauka su fita da gudu suna ɗaga su sama, wai suna kiran tsuntsayen da suka yi ƙaura su dawo. Sai babban aiki, gashin paska, burodin Ista mai yawan gwaiduwa da bota da madara da sukari, wanda aka fi yi ranar Alhamis ko Asabar ta makon ƙarshe kafin Ista. Kwaɓi ne mai nauyi, yis yana shan wahala kafin ya ɗaga shi, saboda haka gida yakan yi tsit: ba buga ƙofa, ba guje-guje, kada ya faɗa. A yammacin ƙasar ana yi masa ado da kitson kwaɓi a sama, a wasu yankunan kuma a yi shi dogo a shafe kansa da farin sukari a barbaɗa masa 'yan ƙwayoyi masu launi. Kowane yaro akan gasa masa ɗan ƙaraminsa. Da shi da ƙwai da cuku da bota da gishiri ake cika kwandon da za a rufe da ƙyalle mai surfani a kai coci.

Abin da ya juya al'amarin shi ne mulkin Tarayyar Sobiyet. Hukumar da ba ta yarda da addini ba ta ɗauki zanen ƙwai a matsayin kayan coci, ya ja baya ƙwarai a yawancin ƙasar, ya fi tsira a ƙauyukan kan dutse da kuma hannun waɗanda suka yi hijira. 'Yan Yukren sun fara sauka Kanada tun a 1891, kafin wannan mulki. A Amurka, wani shagon iyali da aka buɗe a Minneapolis a 1947 ya shahara da sayar da alƙalami da rini da littattafan koyo, har abin ya kai ga mutanen da ba su da dangantaka da Yukren ko ta kaka. A garin Vegreville na Kanada an kafa ƙaton pisanka na alminiyam mai tsawon mita 9 a 1975. Uwar da ke zaune a baƙuwar ƙasa, tana kallon 'ya'yanta suna manta harshen gida, ba ta da sauran dalilin jiran su yi barci. Sai ta zaunar da su a teburi, mace da namiji, ta ba kowa alƙalami.

Yau kusan a kan yaran nan sana'ar take tsaye. Sayar da ƙwai ɗaya-ɗaya ba ya biyan wahalarsa, don mai saye da wuya ya yarda ya biya kuɗin yini guda a kan abin da zai iya fashewa a aljihu kafin ya isa gida. Akwai masu tara na gwanaye, akwai masu yin odar na ƙwan dinya ko na jimina, amma ga da yawa cikin masu sana'ar, kakarsu ita ce makonnin nan na gabanin Ista da suke zagaya makarantu da ɗakunan karatu da gidajen tarihi suna koyarwa. Darasin hawa-hawa ne. Ɗan shekara uku ko huɗu a ba shi dafaffen ƙwai ya tsoma a rinin abinci. Wanda ya ɗan fi shi a koya masa krapanka, wato ɗiga kaki ɗigo-ɗigo tsakanin launi da launi, inda hannu mai rawa ba ya ɓata komai. Sai ya kai shekarun makaranta a sake masa alƙalami da kyandir, babba yana gefensa. Akan huda ƙwan a zuƙe cikinsa da sirinji, kafin aiki ko bayansa, don kada ya ruɓe ko ya fashe a jakar makaranta. Akwai ma alƙalami mai aiki da lantarki ga wanda ke tsoron wuta.

Wasu tsofaffi suna ganin an zubar wa abin da kwarjini tunda aka fito da shi tsakar rana cikin surutun yara. Ni dai ban ga laifin ba. Abokin gabar sana'ar na gaskiya yana kan kantar kowane shago a lokacin Ista: wata 'yar rigar leda mai hoton ado, a zura wa dafaffen ƙwai, a tsoma a ruwan zafi, cikin daƙiƙa kaɗan ta manne. Ga sauƙi ga araha, kuma yaron da ya saba da ita bai koyi komai ba. Wanda kuwa ya yi awa biyu yana juya ƙwai a hannu, ya fasa na farko ya yi kuka, aka ba shi na biyu, shi ne gobe zai san dalilin tsadar na gwanaye, ko da bai zama gwani ba.

Hukumomi sun biyo baya. A garin Kolomyia akwai gidan tarihin pisanka, wanda aka buɗe gininsa mai siffar ƙwai a shekarar 2000, tsayinsa kusan mita 14, yana ɗauke da ƙwayaye sama da 10,000. Bayan mamayar Rasha ta Fabrairun 2022, azuzuwan zanen ƙwai a ƙasashen waje sun zama wurin tara gudummawa, kuma wurin da yaran 'yan gudun hijira ke haɗuwa. A Disambar 2024, a taronta na birnin Asuncion, UNESCO ta sanya pisanka cikin jerin al'adun gado na duniya, bisa buƙatar haɗin gwiwa ta Yukren da Estoniya.

Mai son gwadawa da yaransa a lokacin hutu ba sai ya yi odar komai daga waje ba. Ƙwai mai farin ɓawo, kakin zuma daga wajen masu zuma, ɓawon albasa, kyandir, da tsinken ashana don ɗiga kaki sun isa darasin farko. A ɗaure wa yarinya gashinta baya, a ajiye kwanon ruwa kusa, babba ya riƙe wutar. Idan kuma an yi amfani da rinin tufafi, to ƙwan nan na ado ne, kada a bari yaro ya ci.