AGOGON TSARABA: Har Sharu Khan bai tsira daga hannun Kwastan ba!

Duk mai shiga gidajen kallo a Sabon Birni ko Isa ya san yadda matasa ke ƙura wa hannun jarumi ido da zarar ya ɗaga shi cikin rawa. Agogon suke kallo. Washegari sai ka ji ana saƙo wa ɗan'uwa da ke Dubai ko alhajin da zai tafi Saudiyya: a taho da Rado ko Rolex irin na wane. To amma sayen agogo daban, shigo da shi gida daban.

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Nuwamba na 2022 jami'an kwastan sun tsayar da tawagar Sharu Khan a filin jirgin Mumbai, bayan ya dawo daga Sharja. Sai da aka biya harajin kusan rufi 700,000 kan kayan agogon da ke cikin jakunkunansu kafin aka wuce. A Janairun 2024 kuma Arnold Schwarzenegger, wato Kwamando, ya yi awanni a tsare a filin jirgin Munich da ke Jamus saboda agogon Audemars Piguet da bai bayyana ba, alhali gwanjonsa zai yi don sadaka. Ashe kwastan ba ruwansu da tauraro!

A nan gida, agogon da mutum ya saba ɗaurawa kayan jikinsa ne, ba a cajinsa. Sabo dal cikin kwalinsa kuwa, balle guda uku ko huɗu, haja ce. Daga watan Satumba na 2025 Hukumar Kwastan ta yafe haraji kan kayan da darajarsu ba ta wuce Dala 300 ba. Abin da ya haura haka sai an bayyana shi, a biya kuɗin fito da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Wanda ya ɓoye aka gano, ana iya ƙwace kayan, a ci shi tara.

Dokar ɗaya ce ko a filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar III na Sakkwato ka sauka, ko ta iyakar Illela ka shigo daga Ƙonni. Masu bi ta ɓarauniyar hanya daga Madawa ko Maraɗi kuwa, sunan abin fasa-ƙwauri, ko da agogon lefe ne.

Saboda haka a riƙe rasiɗin saye da kyau, don shi ne shaidar farashi. In babu shi, jami'i ne zai yi wa agogon kuɗi da kansa. Sannan a tuna halin da ƙasar Gobir take ciki na 'yan bindiga: agogo mai walƙiya a hanyar Isa zuwa Shinkafi ba ado ba ne, kiran ido ne. Jarumi dai a gaban kyamara yake ɗaura nasa, da an ce "kot" ya cire.