Tsoron Mutuwa a Gefen Baƙi'a

A Masallacin Annabi da ke Madina, da wuya a sallame farilla ba a ji sanarwar sallar jana'iza ba. Kafin sahu ya watse an ɗaga makara an nufi Baƙi'a, maƙabartar da ke gabas da masallacin, inda Sayyidina Usman da Nana A'isha da Imamu Malik suke kwance. Kabari ba suna, sai ɗan dutse a kai. Tsofaffin alhazanmu da yawa ba su da addu'ar da ta wuce Allah ya karɓi ransu a nan.

Mai kallon wannan zai ɗauka imani yana kashe tsoron mutuwa ɗungurungum. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna auna batun. Donald Templer ya tsara tambayoyin gwajin tsoron mutuwa a 1970, Ahmed Abdel-Khalek, Bamisire, ya fito da nasa na Larabawa a 2004. Da Jonathan Jong da abokan aikinsa suka tattara bincike 100 a 2017, sai suka tarar alaƙar imani da tsoron mutuwa ba ta kai ƙarfin da ake zato ba. Wasu binciken sun nuna mai cikakken yaƙini ya fi natsuwa, haka ma wanda bai yarda da lahira ba sam. Wanda ke tsakiya, zuciyarsa na rawa, shi ya fi firgita. Sai dai akasarin aikin a Amurka aka yi shi.

Malamanmu sun ce mumini yana tafiya ne tsakanin tsoro da fata. Tsoron hisabi da ke sa mutum ya biya bashi, ya nemi gafarar maƙwabci, alheri ne. Mai wa'azin da kullum sai azabar kabari, ba ya taɓo rahama, ya kamata ya tuna akwai masu raunin zuciya a gabansa.

Abin da ke damuna shi ne baiwar Allah mai sallah da azumi, wadda tsakar dare gabanta zai yanke ya faɗi, gumi ya keto, numfashi ya sarƙe, ta tabbata yau sai lahira. Da safe a ce mata raunin imani ne, ko aljanu. Sau da yawa wannan ciwon firgici ne, kuma yana jin magani. Likita zai fara duba zuciya da maƙoshi, in lafiya lau ya tura ta wurin likitan ƙwaƙwalwa, a haɗa zaman tattaunawa da ƙwaya idan da buƙata. Ba wanda zai ce ta daina azkar ɗinta.