Dakoro: Adon da Wodaabe ke ɗaurawa a bayan takarkari

A arewacin Dakoro, wajen kwarin Tarka da Bermo a jihar Maradi, gidan Fulanin Wodaabe ba shi da bangon da za a rataya hoto. Amma duk inda aka yi zango, uwargida sai ta kafa saga, wato gadon itacen da take jera ƙoranta masu zane. Idan ƙaura ta zo, a naɗe komai a ɗora wa jaki ko takarkari.

A gindin sagar nan yarinya ke koyo. Tana kallon yadda ake sassaƙa zane a bayan ƙwarya, da yadda uwarta ke cika baƙin yadi da surfanin zare kala-kala, aikin da kan ci watanni. Yara maza kuwa idonsu na kan yayyensu masu shafa jar ƙasa da kwalli domin rawar Gerewol a ƙarshen damina.

Farin 1973 da na 1984 sun halaka shanu da yawa, lamarin da ya tura wasu Wodaabe birane irin su Yamai suna tallar surfani da kayan ado. Sana'ar ta ciyar da iyalai, sai dai mai saye ke zaɓen abin da za a ɗinka.

Yanzu kuma kwanukan roba da na silba suna cin wurin ƙwarya a kan saga. Ba sa fashewa a hanya, gaskiya ne, amma babu wanda ke zama ya koya wa yarinya zane a kansu.