Ɗaura Katako a Kan Injin Juyi: Kimiyyar da ke Cikin Sassaƙa Faranti

Gabatarwa

Tun kaka da kakanni, masassaƙin ƙasar Hausa kan fafe akushi da gizago, itacen yana ajiye, hannunsa ne ke zagayawa. Injin sassaƙa mai juyi ya sauya wannan tsari: katakon ne ke juyawa, masassaƙi kuwa ya kafa masa kaifin kurfi. Dabarar tsohuwa ce, domin akwai zanenta a kabarin Petosiris da ke Masar, wanda aka gina kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A Nijeriya, tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka soma a 1982 shi ya shigar da darasin fasaha ƙananan makarantun sakandare. Ɗalibin da ya tashi a Kudenda, unguwar masana'antu da ke kudu da Kogin Kaduna, ya saba jin rurin injuna, kuma mai yiwuwa gobe shi ne zai tsaya gaban irin wannan inji a makaranta ko a shagon kafinta. Abin da ya kamata ya fara sani shi ne yadda ake ɗaura katakon, domin a nan ne lafiyarsa da kyan aikinsa suka rataya.

Ƙarfin da ke fizgar katako

Duk abin da ke juyawa yana neman ya kuɓuce ya tafi miƙe, kamar dutsen da ke cikin majajjawa. Alal misali, mu ɗauki katako mai faɗin santimita 40. Idan yana juyi 1,000 a minti ɗaya, bakinsa na gudun kusan kilomita 75 a awa. To, a ce wani gefen bakin ya ɗara kishiyarsa nauyi da giram 100 kacal. A juyi 500, wannan ɗan bambanci zai riƙa fizgar injin da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 5 da rabi. A juyi 1,000 kuwa, fizgar za ta kai ta kilo 22. Wato idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin fizga kan ninka huɗu. Saboda haka ake zana da'ira da kamfas, a yanke kusurwoyin katakon da zarto kafin a ɗaura shi, kuma a tabbatar an kama shi a tsakiya daidai.

Hanyoyin ɗaurawa

Hanya ta farko ita ce ta faifan ƙarfe, wanda ake kafewa a jikin katakon da sukuru huɗu ko fiye, sannan a murɗa shi a kan sandar injin. Ana kafa shi a fuskar da za a fafe daga baya, don ramukan sukurun su tafi tare da ɓarɓashi. Katakon faranti daga falanki ake yanko shi, jijiyoyinsa suna kwance a faɗi, don haka sukuru kan ratsa su ya kama sosai. Idan kuwa sukuru ya shiga ta kan gungume, yana bin tsawon jijiyoyin, riƙonsa ba shi da ƙwari.

Hanya ta biyu ta dace da katako maras kauri, wanda sukuru zai iya huda shi. Sai a manna masa wani guntun katako da gam, a kafe faifan ƙarfen a jikin guntun. Tilas fuskokin biyu su zama shafaffu, a kuma bar gam ya bushe sarai.

Hanya ta uku ita ce ta maƙamin ƙarfe mai muƙamuƙi huɗu. Bayan an gama bayan farantin, sai a yanka ɗan rami mai da'ira a gindinsa, a juya shi, muƙamuƙan su buɗe a cikin ramin su riƙe shi, sannan a fafe cikinsa.

Damshin itace

Itace irin su maɗaci da kawo kan tsuke idan suka bushe, kuma tsukewar ta faɗi ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba. Ɗanyen katakon da aka ɗaura aka bari ya kwana cikin hunturun Kaduna zai iya wayar gari ya karkace, riƙonsa ya sassauta. Don haka a sake ƙara ɗaurin kafin a ci gaba, kuma a yar da duk katakon da ya tsage.

Kammalawa

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida: a ninka faɗin katako a inci da yawan juyi a minti, kada sakamakon ya wuce 9,000. Farantin inci 16 ke nan ba zai haura juyi 560 ba. Kafin a kunna inji, a juya katakon da hannu don a ga bai taɓa komai ba, a tokare shi da tsinin da ke ɗaya ɓangaren injin, a sa garkuwar fuska, a soma da ƙaramin gudu, a kuma kauce daga saitin bakinsa. Idan wuta ta ɗauke, a kashe injin nan take, kada ta dawo ya tashi ba shiri. Malamin da ya sa ɗalibansa suka yi lissafin da ke sama da hannunsu kafin su taɓa inji, ya koya musu kimiyya, ya kuma kare musu ido da yatsu.